Iyafis mai kashe hayaniya da kuɗi kaɗan: akwai na gaske kuwa?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Sai dare nake samun damar duba takardun ɗalibai da ɗan karatun kaina, to da an ɗauke wuta sai janaretocin layinmu su tashi gaba ɗaya, na maƙwabcina kuwa a gindin tagata yake. Wani abokin aiki ya ce in nemi iyafis mara waya mai ANC, wai yana shanye ƙara. Na leƙa kuɗin na Apple da na Sony, na ga ba nawa ba ne. Abin da zan iya fitarwa bai wuce naira dubu 40 ba. Akwai na gaske a wannan kuɗin, ko duk rubutun kwali ne? Wayata Tecno ce.

Khalifa: Wa alaikumus salam Malam. Oraimo kawai, an gama magana.

Alhaji Na-Kasuwa: Khalifa, ba a gama ba. Wane Oraimon? Suna da kala-kala, kuma ba duka ke da abin da Malam yake nema ba. FreePods 4 yana da ANC, FreePods Lite ba shi da shi. Kullum sai an zo shago an ce mini "ba ni mai kashe hayaniya", in na tambayi mutum hayaniyar wa yake so a kashe, tasa ko ta wanda yake waya da shi, sai ya tsaya yana kallona.

Abban Sadik: To ni ma ga ni ina kallon ka, Alhaji. Da bambanci ne?

Alhaji Na-Kasuwa: Babba ma kuwa. In ka ga ENC a kwali, wannan na kira ne. Kana tsakiyar kasuwa kana waya, shi zai rage hayaniyar da wanda ke ɗaya ɓangaren zai ji. Kai da ka sa shi a kunne ba abin da ya rage maka. ANC shi ne naka, shi ke rage abin da ke shiga kunnenka. Yawancin masu arahar nan ENC ne, sai a rubuta maganar rage hayaniya da manyan baƙaƙe a gaban kwali, harufa ukun kuma a ɓoye su a baya. Yaran shago da yawa ma ba su san bambancin ba, ba wai cuta suka yi niyya ba.

Garba Direba: Ni dai na saya, kuma ANC aka rubuta ɓaro-ɓaro. Na sa a gida, ina jin yara suna faɗa, ina jin uwargida tana kira na daga kicin, har kukan akuyar maƙwabta. To me ya kashe? Kuɗina kawai ya kashe.

Maman Ilham: Malam Garba, wato so kake ka daina jin kiran uwargida? Allah ya kama ka.

Garba Direba: Hajiya, a rufa asiri.

Injiniya Bashir: Malam Garba, mai yiwuwa naka lafiyarsa ƙalau, abin da ka sa rai ne ba aikinsa ba. Bari in ɗan yi bayani, don shi ne zai nuna wa Abban Sadik ko kuɗinsa zai yi amfani.

Sauti girgizar iska ce, tana dannawa tana saki. A jikin iyafis ɗin akwai 'yar makirfo da ke sauraron abin da ke tahowa daga waje. Sai wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki ta ƙirƙiro kishiyar wannan girgizar ta tura ta kunnenka: inda ƙarar waje ta danna, ita ta saki, inda ta saki, ita ta danna. Kamar ka kwashi ƙasar tudu ka zuba a kwari, wuri ya baje. Duk wahalar aikin tana wajen lokaci, domin dole kishiyar ta iso daidai, in ta makara ko kaɗan ba za ta kashe komai ba, wani lokacin ma ƙari za ta yi.

Ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa tana da sauƙin kamawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Girgizar da ke maimaituwa sau 100 a daƙiƙa tsawon zangonta ya haura mita uku, saboda haka ko na'urar ta ɗan yi kuskure ba a ganewa. Wadda ke maimaituwa sau 4000 kuwa zangonta bai kai santimita tara ba, kuskure kaɗan ya isa ya ɓata lissafin. Shi ya sa ANC ke da ƙarfi a ƙasa da sau 1000 a daƙiƙa, daga nan sai ya fara sanyi. Muryar mutum, musamman ta mace da ta yara, da kukan jariri, da hon, da ƙarar cokali a faranti, duk akwai siririn sashe a cikinsu, kuma ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Ƙaramin janareta kuwa yana juyawa sau 3000 a minti don ya ba da wuta irin tamu mai 50 a daƙiƙa. Gurnaninsa mai kauri ne, kuma iri ɗaya ne daga magariba har a kashe shi. Wannan shi ne ainihin abincin ANC. Saboda haka Abban Sadik, matsalarka tana cikin waɗanda ko na araha zai taɓuka. In salansar ta fashe ko ƙarafa na kaɗawa, wannan kwaramniyar za ka ci gaba da jin ta sama-sama, amma gurnanin da ke sa ciwon kai zai ja baya sosai.

Garba Direba: To Injiniya, a mota fa? Ni hanyar Kano zuwa Kaduna nake bi.

Injiniya Bashir: Ga fasinja yana aiki sosai, ƙarar inji da ta taya duk masu kauri ne. Ga wanda ke riƙe da sitiyari kuwa, don Allah kar ka sa. Kunnen direba rabin idonsa ne.

Baba Malam: Ni dai abin da na sani, araha ba ta ado. Abin da Turawa ke sayarwa da tsada, a ce ga shi an kawo maka a kuɗin buhun gawayi, ai ka san da magana. Sannan yaran nan da ke yawo da abin a kunne, ka yi musu sallama ba su ji ba, a yi kiran salla ba su ji ba. Yanzu kuma an ce ga wanda zai toshe kunnen gaba ɗaya.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar sallama gaskiya ce, ba ni da ja. Amma a kan araha zan ɗan yi musu cikin ladabi. Fasahar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe, Paul Lueg, ya samu takardar mallakar wannan dabara a Amurka tun 1936, kayan aikin zamaninsa ne ba su iya saurin da ake buƙata ba. Kamfanin Bose ya fitar da na matuƙa jirgin sama a 1989. Apple ya kawo AirPods Pro a watan Oktoban 2019 a kan dala 249, kuma daga nan ne kowa ya shiga tseren. Yau masana'antun China suna buga 'yar ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki da yawan gaske, kamfanoni barkatai suna saye suna sakawa a nasu. CMF Buds, na kamfanin Nothing, ya fito a 2024 a kan dala 39 da ANC na gaske. Moondrop Space Travel kuma a kan dala 25 ya fito. Ba su kai na dala 249 ba, ba wanda ya ce sun kai. Amma ba ƙarya ba ne.

Baba Malam: To, mun ji. Allah ya sa alheri.

Ɗan Maraɗi: Sannunku da hira. Mu nan ma matsalar guda ce, in kuran, wato wutar lantarki, ta tahi sai injuna su tashi. Amma abin da ya cika kasuwarmu shi ne farin nan mai kama da na Apple, jika biyar, jika shida. Kana buɗe shi kusa ga iPhone hoton ya hito kamar na ainihi. Shi hwa?

Alhaji Na-Kasuwa: Ɗan'uwa, shi ne ya fi komai tafiya a wurinmu ma, kuma shi ne ba na ba wa wanda na sani. Kwafi ne, matakinsa kala-kala. Akwai wanda maɓallin ANC ɗin ado ne kawai, ka danna ya yi 'yar ƙara "ɗin", amma ba abin da ya canza. Akwai mai tsada a cikinsu da yake ɗan yi. Matsalar ita ce kwalinsu iri ɗaya ne, ba suna, ba garanti, yau ka samu mai kyau gobe ka samu fanko daga katan guda. Da ka ba da kuɗinka a kan sunan aro, gara ka sayi ƙaramin kamfani da ya rubuta sunansa na gaskiya a jiki.

Khalifa: Tun iOS 16 ma iPhone yana faɗa maka in bai gane AirPods ɗin ba.

Alhaji Na-Kasuwa: Yana yi, amma masu kwafin ma ba barci suke ba. Kar ka dogara da wannan kaɗai.

Ga gwajin da ba ya ƙarya, kuma kyauta ne. Ko Farm Centre ka je, ko Beirut Road, ko Banex a Abuja, ba ka rasa janareta yana aiki kusa da shago. Sa iyafis ɗin a kunne biyu, kar ka kunna waƙa ko karatu, shiru kawai. Kunna ANC, kashe, sake kunnawa. In na gaske ne za ka ji gurnanin ya faɗa ƙasa kamar an ja ƙofa. In sai ka yi ta kasa kunne kana tambayar kanka ko ya canza, to bai canza ba. Mai shagon da ya hana ka gwada na nuni, wuce gaba.

Sista Rabi: Alhaji, a goge robar kafin a gwada don Allah. Abin da mutum hamsin suka cusa a kunne.

Alhaji Na-Kasuwa: Gaskiyarki Sista, akwai sifirit a shago.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai. Wata tambayar: ina ganin wani ya rubuta 30dB, wani 42dB, wani har 50dB. In ɗauki mai lamba mafi girma ke nan?

Injiniya Bashir: A'a Malam. Lambar nan ita ce mafi zurfin ragin da suka samu a kan sauti guda ɗaya tak, a ɗakin gwaji, da roba da ta zauna daram a kunnen roba. Ba ta gaya maka faɗin sautukan da yake iya ragewa ba, kuma kowane kamfani da yadda yake aunawa. Mai 42 na wani kamfanin zai iya fin mai 50 na wani. dB ɗin nan shi ne desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Don ka gane girman abin, ragin desibel 10 kacal kunne yana jin sa kamar an raba ƙara biyu. Da a ce ragin 50 ɗin nan a kan komai ne, da ko injin markaɗe ba za ka ji ba.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne ka duba ko makirfo biyu ke aikin a kowane kunne, ɗaya a waje ɗaya a ciki. Ta waje tana jin ƙara kafin ta shigo, ta ciki tana jin abin da ya tsallake ta gyara. A kwali suna rubuta Hybrid ANC. Masu makirfon waje kaɗai sun fi araha, kuma iska ta fi damun su.

Auwal Tela: Ni ban yarda da duk wannan lissafin ba. Sirrin yana wajen roba. Na ga mutane suna ɗaukar abin daga kwali da robar da ta zo a jiki, su sa, su ce ba ya aiki. Akwai wasu robobi a ƙasan kwalin, ƙarami da babba, wasu ma ba su taɓa ɗaga takardar sun gani ba. Ni kunnena na dama ya fi na hagu faɗi, babba nake sa wa ɗaya, matsakaici a ɗaya. A shago keke huɗu ke aiki ga janareta, da na dace da roba sai duniya ta yi tsit.

Injiniya Bashir: Ai ba mu saɓa ba Auwal, ka ma faɗi abin da ya fi nawa muhimmanci. Robar ce ke tare siririyar ƙarar da ANC ba ya iyawa, kuma in iska na zurarewa ta gefe, shi kansa ANC ɗin ba zai yi ƙarfi ba, kiɗan ma zai fito ba nauyi. Shi ya sa wanda ba shi da roba, irin mai zama a bakin kunne kawai, bai dace da matsalar Abban Sadik ba.

Maman Ilham: Tunda masana sun taru, bari in kawo tamu ta mata. Na farko, hijabi. Masu aiki da taɓawa ɗin nan, da mayafi ya goga sai karatu ya tsaya, ko kira ya katse, ko ya tsallaka wata sura. Na biyu, in ina waya sai a ce ana jin shuu-shuu kamar ina cikin buhu. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, rabin yinina a kan waya nake. Wanne zai yi mini?

Ummu Hanan: Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina. Ni har cire hijabin nake in ina ɗaki kafin in amsa kira.

Alhaji Na-Kasuwa: Hajiya, nemi wanda yake da manhaja a waya. Oraimo suna da tasu, Soundcore suna da tasu, QCY ma haka. A ciki za ki iya kashe taɓawa ɗaya ki bar taɓawa biyu ko dannawa mai tsawo, mayafi ba ya yin waɗannan. Akwai kuma waɗanda ake matse ƙafarsu da yatsa biyu maimakon taɓawa, su ne suka fi dacewa da hijabi.

Injiniya Bashir: Shuu-shuu ɗin kuma yadi ne ke gogar makirfo, ba na'urar da za ta hana wannan gaba ɗaya. Mai 'yar ƙafa da ke saukowa wajen kumatu ya fi mai kama da maɓalli wajen kira, don makirfonsa ya fi kusa da baki. Sannan ki sani, duk lokacin da makirfon iyafis ya buɗe, Bluetooth yana sauka zuwa wata hanya mai ƙarancin inganci. Shi ya sa saƙon murya da aka ɗauka da iyafis yake fitowa a daƙushe. In saƙon murya za ki tura wa kwastoma, makirfon wayar kanta ya fi. Ke kam ENC mai kyau ya fi miki ANC amfani.

Maman Ilham: Ashe shi ya sa. Allah ya saka da alheri Injiniya.

Dakta Hadiza: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangarenmu. Ni ina goyon bayan ANC, kuma dalilina ba jin daɗi ba ne. Mutum yana cikin adaidaita sahu ko kusa da inji, iyafis ɗinsa ba ya tare komai, sai ya ƙure sauti don ya danne hayaniyar. Nan ɓarnar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90 awa huɗu ne kacal a makon gaba ɗaya. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne masu karɓar sauti in suka mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ANC ya sa ya rage sauti zuwa rabi ya ci riba ko da na araha ne.

Amma abu biyu. Masu aiki a injin niƙa, injin markaɗe, wajen yankan katako ko walda, wannan ba kariyar kunne ba ce, akwai abin toshe kunne na aiki da aka yi don haka. Sannan sa shi awa da awanni cikin zafi da gumi yana tura dattin kunne ciki, yana kawo ƙaiƙayi, wani lokacin har ciwo. A riƙa cirewa kunne ya sha iska, a goge roba, kar a yi aron na wani. In ya yi ƙaiƙayi kuma ban da tsinken ashana da gashin kaza.

Baba Malam: Gashin kazar ma an hana? To Dakta, da me muka tsira?

Dakta Hadiza: Baba, kunne yana share kansa, a bar shi kawai.

Abban Sadik, in shiru zalla kake so don barci, akwai soson toshe kunne a manyan kemis, kuɗinsa bai kai na katin waya ba, ba ya buƙatar caji.

Abban Sadik: Na gode Dakta. Ina so in riƙa jin karatu ƙasa-ƙasa ko shirin rediyo ina aiki, shi ya sa. Amma zan nemi soson don barci.

Ummu Hanan: Dakta, ni in na kunna ANC sai in ji kunnena ya toshe kamar mota na hawa dutse, har da ɗan jiri. Illa ce?

Dakta Hadiza: Wasu suna jin haka. Ba iska ce ke danna kunnen da gaske ba, ƙwaƙwalwa ce ke fassara ɓacewar ƙara mai kauri a matsayin toshewa. Rage ƙarfinsa a manhaja in akwai. In jirin bai daina ba ki bar shi, ba dole ba ne.

Khalifa: Ni tambayata ta gem ce. A PUBG sai in ga harbi kafin in ji ƙararsa.

Injiniya Bashir: Jinkirin Bluetooth ne, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. YouTube da makamantansa suna jinkirta hoto su daidaita, gem ba ya iyawa. Nemi mai yanayin gem a manhaja, yana ragewa. In da gaske kake wasan, mai waya ya fi.

Khalifa: LDAC fa? Na ga ana ta yabonsa.

Injiniya Bashir: Salon tura sauti ta Bluetooth ne na Sony, yana ɗaukar bayanai har kilobit 990 a daƙiƙa, iPhone ba ya yin sa, kuma yana shan batir. Ga wanda ke jin tafsirin da aka tura a WhatsApp ko waƙar da aka matse, ba abin da zai ƙara masa. Kar Abban Sadik ya biya ko sisi saboda shi.

Garba Direba: Ku dai ku faɗa wa Malam gaskiya a kan batir. Abin nan ba ya tsufa da mutum.

Alhaji Na-Kasuwa: Wannan gaskiya ne, kuma har masu tsadar. Batirin da ke cikin kowane kunne ɗan mitsitsi ne, a manne yake, ba a canzawa. Shekara biyu zuwa uku za ka ga ɗaya ya fara mutuwa kafin ɗaya. Shi ya sa ni a ganina mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya zuba kuɗi masu yawa a kai ba. Awannin da aka rubuta da manyan lambobi a kwali kuma jimilla ce har da cajin da ke cikin akwatin, kuma yawanci da ANC a kashe. Nemi ƙaramin rubutun da ya ce awa nawa kunnen kansa yake yi da ANC a kunne.

Babban makashinsa zafi. Malam Garba, ku direbobi ku ke barin sa a gaban mota cikin ranar Afrilu.

Garba Direba: An zo kaina kuma.

Ɗan Maraɗi: Ƙura hwa? Lokacin hunturu komi sai ya yi fari.

Injiniya Bashir: Duba lambar IP. In ka ga IPX4, X ɗin na nufin ba a gwada shi da ƙura ba, 4 ɗin kuma yana jure gumi da yayyafi. IP54 an gwada shi da ƙura ma, CMF Buds yana da shi. Galaxy Buds FE na Samsung, wanda ANC ɗinsa ke da kyau, IPX2 ne kawai, a kula da shi wajen alwala. Moondrop ɗin da na ambata kuwa akwatinsa ba shi da murfi, a buɗe samansa yake, ka san abin da hunturun Maraɗi zai yi masa a aljihu. Ƙura tana toshe 'yar ragar makirfo, in ta toshe sai ANC ya raunana ko ya fara fito. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa.

Auwal Tela: Wani abin da ba a faɗa ba, faɗuwa. In kana hawa adaidaita sahu kullum, wata rana ɗaya zai faɗa kwata. Akwai mai igiya a wuya, shi ma mara waya ne, akwai masu ANC a ciki, batirinsa ya fi girma.

Khalifa: Wannan ai na dattawa ne Yaya Auwal.

Auwal Tela: Dattawan ne ba sa sayen abu sau biyu.

Sista Rabi: Ni maganar Baba Malam nake so a koma, don an wuce ta da wasa. Yadda ƙwacen waya ya yi yawa, mutum ya toshe kunne biyu yana tafiya a lungu bayan magariba, ko takun wanda ke bayansa ba ya ji. Mu da muke tashi aikin dare mun san wannan. Kusan duk mai ANC yana da yanayin da ke shigo da sautin waje ta makirfo. A titi shi za a kunna, ko a cire ɗaya, ko ma a mayar da su aljihu.

Baba Malam: Allah ya yi miki albarka 'yata. Abin da nake nufi ke nan.

Abban Sadik: To Alhaji, in taƙaice, wane suna zan riƙe in na shigo?

Alhaji Na-Kasuwa: Ba zan rubuta farashi a nan ba, tun da aka saki naira a 2023 kuɗin kaya ba ya kwana wuri ɗaya. Amma ga yadda nake gani. A kuɗinka ka tambayi Oraimo masu ANC, da Redmi Buds masu ANC, da QCY irin su HT05. Amfanin Oraimo shi ne kamfani ɗaya ne da Tecno da Infinix da itel, wato Transsion, kayansu na ko'ina kuma akwai inda za ka kai ƙorafi. In za ka iya haƙuri ka ƙara kuɗi, Soundcore na kamfanin Anker mataki ne na gaba. Space A40 da Liberty 4 NC duk a dala 100 suka fito, ɗaya a 2022 ɗaya a 2023, kuma A40 yana yawan saukowa tunda ya kwana biyu. Kowanne ka ɗauka, a buɗe kwali a gabanka, ka kankare lambar tantancewa in akwai ka duba ta a shafin kamfanin, ka saukar da manhajar ka ga ta gane shi. Jabu ba kasafai manhaja ke karɓar sa ba. Ka karɓi rasit.

Injiniya Bashir: Ni da zan zaɓa wa Malam, A40 ɗin. Ƙarami ne, ba ƙafa, yana haɗuwa da waya da kwamfuta lokaci guda. A jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da shi nake tafiya, gurnanin jirgin yana raguwa ƙwarai, hirar maƙwabcin kujera ce dai sai haƙuri.

Alhaji Na-Kasuwa: Injiniya, ya ce dubu 40. Kar ka sa malamin makaranta cin bashi.

Abban Sadik: Haha, Alhaji ya san halin da ake ciki. Zan shigo ranar Asabar in sha Allah in gwada biyu ko uku kamar yadda ka ce, wanda ya fi zama a kunnena shi zan ɗauka. Na gode muku duka.

Admin: Masu turo hotunan kaya da lambar waya, na goge. Ciniki a koma akwatin sirri.

Ummu Hanan: Kafin a watse, nawa ya ƙi yin caji da cajar sabuwar wayata, amma yana yi da tsohuwar igiya. Ya lalace ne?

Injiniya Bashir: Igiyar sabuwar bakinta biyu duk ƙanana ne, irin USB-C?

Ummu Hanan: Eh, duka biyun iri ɗaya.

Injiniya Bashir: To lafiyarsa ƙalau. Irin wannan cajar ba ta sakin wuta sai na'ura ta nuna mata alama, wasu akwatunan masu araha kuma ba a saka musu 'yan ƙananan kayan da ke ba da alamar ba. Ci gaba da amfani da tsohuwar igiyar mai babban baki ɗaya, ko ki soka ta a fawa bank.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, QCY ɗin nan ana samun shi a Katsina, ko sai Kano?

Alhaji Na-Kasuwa: Tambayi masu kayan waya a can tukuna. In babu, direbobin Maraɗi suna lodi daga Kano, sai a ba su saƙo.